Kitikar da ke Bayan Rumbu: Tafiyata Daga Birnin Kudu Zuwa Gwaram

Na san wata za ta duba kan wannan rubutu ta ce, yau kuma me ya haɗa Malama da mota da injinta, ita da muka sani da alli da allo? To 'yar'uwa, ki yi haƙuri ki biyo ni, domin ni ma ban taɓa zaton zan tsaya a gaban buɗaɗɗen inji ina ƙirga fulogi ba, sai da rabon gado ya kai ni.

Mijin goggona ne ya rasu a wani ƙauye da ke ƙasar Gwaram, ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, biyu daga ciki ƙanana ne da ba su gama sakandare ba. An raba gonaki da dabbobi da hatsi lami lafiya. Abu ɗaya ya rage, wato wata tsohuwar mota da ta fi shekara 30 tana zaune a bayan rumbu, kaji na yin ƙwai a cikinta. Wasu 'yan gwangwan suka zo suka taya ta da kuɗin da bai kai na saniya ɗaya ba, suka ce za su sassare ta su ɗora a sikeli. Babban ɗan gidan ya so a sallama a huta. Goggo kuwa ta ƙi, ta bugo mini waya ta ce, "'Yar nan, ku ne masu karatu. Akwai haƙƙin marayu a cikin ƙarfen nan, kuma ba wanda ya san ko mece ce. Ya za a sayar da abin da ba a san sunansa ba?"

Gaskiyarta. Sai dai ni ban san komai a kan mota ba. Da na gaya wa maigida, sai ya ce akwai wani dattijo a unguwarmu a Birnin Kudu, tsohon direba, wanda ya fara yaron mota tun kafin yaƙin basasa na 1967. Muka same shi, ya ce zai raka mu ko don ya ga tsohuwar zuma. Ranar Asabar muka kama hanya mu uku.

Idan ba ki taɓa zuwa Birnin Kudu ba, gari ne da duwatsu suka kewaye a kudancin Jihar Jigawa, jihar da aka cire daga Kano a 1991. Daga Kano za ki bi ta Wudil, a Kwanar Huguma ki bar hanyar Dutse ki miƙe. Mutane sun fi sanin garin da babban asibitin tarayya da kuma tsohuwar kwalejin gwamnati wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gama. Amma akwai abin da ya girme su nesa ba kusa ba. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse da mutanen dā suka bari, ga kuma duwatsun da idan an buga su suke amo kamar ƙararrawa, waɗanda wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ya yi nazari a kansu a 1955. Masana sun gane irin shanun da aka zana ne ta hanyar duba ƙahonninsu da kuma rashin tozo. Da na faɗi haka a cikin mota, sai Baba ya yi dariya ya ce, "Malama, ai mota ma haka take. Bafulatani ba ya tambayar sunan saniya, fuskarta yake kallo."

Ba mu yi nisa ba ya fara nuna mini. Wata tanka ta wuce mu tana huci, doguwar hanci, ya ce in dubi abin da ke tsaye a kan hancinta. Ɗan gunkin kare ne mai murtukakkiyar fuska. Wannan ita ce Mack, kuma 'yar Amurka ce ta asali. An kafa kamfanin a 1900, sojojin Ingila ne suka laƙaba wa motocinsa sunan wannan kare a Yaƙin Duniya na Ɗaya saboda naci da juriyarsu, kamfanin kuma ya fara ɗora gunkin a kan hancin motocinsa a 1932. Yawancin tsofaffin da ke jan tanka da tirela a hanyoyinmu samfurin R ne, wanda aka fara ƙerawa a tsakiyar shekarun 1960 aka ɗauki kusan shekara 40 ana yi. Akwai ma wani sirri a jikin karen: idan ruwan zinare ne, to inji da giya da ƙafafun motar duk na Mack ne, idan kuwa fari ne mai ƙyalli, an haɗa da kayan wani kamfani. Baba ya ce wannan a sabuwar mota ke nan, don a nan gida direba kan sayi karen da ya ga dama ya ɗaura. Kin ga ashe tsofaffin motocin Amurka ba su ɓace mana ba. Kullum suna wuce mu ɗauke da fetur da siminti, mu ne dai ba mu san asalinsu ba.

A Babaldu hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Ningi da Bauchi, mu kuma muka miƙe wadda ke zuwa Gwaram, ta wuce Basirka ta shiga Darazo a Jihar Bauchi. Damina ce, dawa da gero sun rufe ko'ina, duwatsu sun yi baƙi saboda ruwan da aka kwana ana yi. A nan ne na tambayi Baba yadda aka yi motocin Amurka suka zo ƙasar da Ingila ta mulka. Abin da ya gaya mini da abin da na karanta daga baya sun zo ɗaya.

A 1908 wani mutum mai suna Henry Ford a birnin Detroit ya fito da mota mai suna Model T. Injinta silinda huɗu ne, ƙarfin doki 20, kuma da hannu ake murɗa ta ta gaba kafin ta tashi. Daga 1913 ya tsiro da tsarin da mota ke tafiya a kan layi, kowane ma'aikaci na ɗaura abu guda, sai farashi ya faɗi warwas. Kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15. An yi ta ne don manoman Amurka waɗanda hanyoyinsu a lokacin taɓo ne da ramuka, don haka tana da tsayin ƙafa, ba ta da nauyi, kuma maƙeri ma zai iya gyara ta. Wannan shi ya sa ta dace da ƙasarmu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka buƙaci abin da zai kwaso buhuna daga ƙauyuka zuwa bakin dogo, ga hanyoyi duk na burji. Motocin Ingila na lokacin an yi su ne don kwalta. Sai 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e suka raja'a a kan Ford da Chevrolet da Dodge, musamman ƙananan masu buɗaɗɗen baya waɗanda mu muke kira a-kori-kura, iyayenmu kuwa suke ce musu kitika.

Mun isa bayan azahar. Bayan gaisuwa da ƙarin ta'aziyya, Goggo ta sa yara suka kore kaji, suka janye karan da aka jingina a jikin motar. Ni dai abin da na gani tsatsa ce da tayoyin da suka nutse a ƙasa. Baba kuwa ya tsaya shiru, ya zagaya ta sau biyu, hannunsa a baya, kamar mai taya sa a kara.

Ya fara da fuska. Hancinta a dunƙule yake, ga sanduna biyar a kwance a bakinta, a sama kuma ga ɗan tambari mai kama da gicciyen da aka ja shi ta gefe ya yi faɗi. Ya ce wannan tambarin Chevrolet ne. Da Ford ce, da an ga sunan a rubuce, galibi cikin da'ira mai siffar ƙwai, shuɗiya. Da Jeep ce, da an ga tsagogi a tsaye. Sanduna biyar ɗin nan kuma sun nuna tana cikin samfurin da kamfanin ya fara fitarwa a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A gefen hancin muka kankare tsatsa muka ga lamba 3100, wadda ke nufin ƙaramar ce mai ɗaukar rabin tan.

Daga nan ya shiga rage shekaru, kuma wannan ne ya fi burge ni, don ya yi kama da yadda muke warware lissafin gado a aji, ana cire wannan ana barin wancan har a kai ga amsa. Gilashin gaba biyu ne da ƙarfe a tsakiya. A 1954 aka mayar da shi guda ɗaya mai lanƙwasa, saboda haka ta girmi 1954. A jikin ƙofa akwai ƙaramar taga mai kusurwa uku ta shan iska, wadda ba a fara sa wa ba sai 1951. Sannan ya kama hannun ƙofar ya ce in duba: maɓalli ake dannawa, ba murɗawa ake yi ƙasa ba, kuma wannan ya fara ne a 1952. Ke nan motar ta 1952 ce ko 1953. Baba bai riƙe shekarun nan da lamba ba, shi dai ya san wacce ta riga wacce. Maigida ne ya riƙa dubawa a wayarsa yana tabbatarwa, kuma ko sau ɗaya tsohon bai kuskure ba.

Na lura sitiyarinta a dama yake, na ce to ai na ji an ce Amurkawa a hagu suke da shi. Baba ya ce haka ne, amma mu a lokacin hannun Ingila muke bi, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Kamfanonin Amurka suna ƙera masu sitiyari a dama don ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila, da yawa ma a masana'antunsu na Kanada. Saboda haka idan kika ga tsohuwar motar Amurka mai sitiyari a dama a ƙasar nan, alama ce mai ƙarfi cewa ta shigo kafin canjin hannu.

Sai da maza uku suka taru kafin murfin inji ya ɗagu. Gidan ɓera muka fara tararwa. Baba ya share, ya ce, "Malama, ƙirga fulogi." Na ƙirga shida, a jere a layi ɗaya. Ya ce yawan fulogi shi ne yawan silinda, wato ramukan da fetur ke ƙonewa a ciki ya tura ƙarfen da ke juya taya. Inji iri biyu aka fi sanin Amurkawa da su. Akwai mai shida a jere irin wannan, dogo siriri, wanda Chevrolet ta fara a 1929. Akwai kuma mai takwas, huɗu a kowane gefe sun buɗe kamar bakin almakashi, shi ake kira V8. Ford ce ta sa shi a motar talaka a 1932, Chevrolet ta fito da nata shahararren a 1955. Idan an rasa tambari, ana iya raba waɗannan biyun ta wurin da wayoyin fulogi ke haɗuwa: a na Chevrolet can baya yake kusa da direba, a na Ford kuwa a gaba.

Abin da ya rage shi ne a san ko injin nata ne na asali, don a wurin masu sha'awar tsofaffin motoci wannan ne ke ɗaga daraja ko ya karya ta. Baba ya ce yawancin kitikar da ya sani an cire musu inji tun tuni an dasa wani. Ya nuna murfin da ke saman injin: noti biyu ne suka riƙe shi ta tsakiya. Wannan shi ne tsohon samfuri mai girman inci 216, kimanin lita uku da rabi. Wanda ya gaje shi a waɗannan motoci a 1954, mai inci 235, ta gefe ake ɗaure murfinsa da ƙusoshi huɗu. Ke nan injin ya yi daidai da shekarun motar. Kafireta da lagireto ne kawai ya ce ba nata ba ne. Ya kuma nuna mini wani ɗan feda a ƙasa kusa da totur, ya ce da ƙafa ake tayar da ita, kuma batirinta mai ƙarfin 6 ne, ba 12 irin na yanzu ba.

A nan ya ba mu wani labari da ban taɓa ji ba. Bedford ɗin nan da ta yi zamani wajen dakon gyaɗa da fasinja, wadda kowa ya ɗauka Baturiyar Ingila ce tsantsa, ashe jikar Chevrolet ce. Kamfanin General Motors na Amurka ya sayi Vauxhall na Ingila a 1925, kuma Bedford ta farko da ta fito a 1931 daga motar Chevrolet da ake haɗawa a Ingila aka samo ta, har da injin mai silinda shida.

Me ya kawar da su? Na farko dai shan mai. Ƙananan motocin Amurka na shekarun 1950 dogaye ne masu fiffike a baya, salon da Cadillac ta fara a 1948 ya kai ƙarshen tsayinsa a 1959. Irinsu ne sarakuna da ministoci da manyan attajirai suka shiga, mu kuma muka ce musu zungureriya. Da man fetur ya yi tsada a duniya a 1973, sai kasuwarsu ta karye har a can gida. Na biyu, a 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, gwamnati ta koma sayen na gida, kayan gyaransu suka cika kasuwa. Na uku kuwa ƙaramin abu ne mai babban tasiri: notunan Amurka da inci ake auna su, na Faransa da Jamus da Japan da milimita, don haka sifanar bakaniken yau ba ta kama su daidai. Wasu sunayen ma sun mutu a Amurkan kanta. An daina Plymouth a 2001, Oldsmobile a 2004, Pontiac a 2010.

To, yanzu an san sunanta da shekarunta. Sai babban ɗan ya yi tambayar da ta dace: "Baba, nawa za ta yi?" Ni a raina na fara lissafin miliyoyi, don na ga hotunan irinta a wayar maigida an gyara su suna walƙiya. Baba ya kwance mana wannan buri. Ya kama fankar injin ya gwada juyawa, ko motsi. Ya sa ɗan yatsa ya huda ƙasan ƙofa saboda tsatsa. Ya ce irin wannan mota an yi ta da yawan gaske, ba abin da babu irinsa ba ce, kuma a Gwaram ko Birnin Kudu ba mai sayenta don ya tuƙa. Amma bai yarda a ɗora ta a sikeli ba. Ya ce a Kano da Kaduna da Abuja akwai masu tara tsofaffin motoci, akwai masu shirya fim da ke neman kayan zamanin dā, kuma a wurinsu tambarin nan da sandunan fuska da agogon gaban direba kaɗai suna iya fin abin da 'yan gwangwan suka taya duka motar. Ko ba a dace ba, sikeli ba ya guduwa.

Ni abin da na iya faɗa a matsayina kaɗan ne. Na ce tunda akwai ƙananan yara a cikin magada, ba daidai ba ne a sallama a kan tayin mutum ɗaya wanda shi ne mai saye kuma shi ne mai kimantawa. A nemi aƙalla mutum biyu ko uku da suka san abin, a rubuta, kowane magaji ya ji. Ban ga laifin babban ɗan ba, don shi ke ɗauke da gidan yanzu kuma kuɗin taki yake nema. Amma na ga yadda mu mata muke yin shiru idan aka zo kan ƙarfe, mota ce ko injin niƙa ko na ban-ruwa, mu ce wannan sha'anin maza ne, alhali tumunin takaba da rabon 'ya'yanmu na ciki. Goggo ba ta yi boko ba, tambaya ɗaya kawai ta yi.

Kafin in manta, ga abin da zai amfane ki ko da babu kitika a bayan rumbunku. A tsofaffin motoci irin wannan, lambar ƙira tana kan ɗan faranti a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma kowane kamfani da tsarinsa. Amma daga 1981 motocin da ake sayarwa a Amurka suka koma tsari ɗaya mai harafi da lamba 17, za ki gan shi ta cikin gilashin gaba a ƙasa, gefen direba. Na farko yana nuna ƙasar da aka ƙera motar: 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus. Na goma yana nuna shekarar samfurin: Y ita ce 2000, daga 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010, B 2011, haka har gaba. Da yawa daga Camry da Accord da ake kawo mana na hannu a Amurka aka ƙera su, duk da sunan na Japan ne. Idan maigida zai sayi mota, ko ke za ki saya da kuɗin adashinki, dillali ya ce ta 2012 ce, ki sa a ƙirga zuwa na goma, in ba C aka gani ba a sake zama. A kuma tabbatar lambar da ke jikin mota ita ce a takardu.

La'asar ta yi, hadari ya taso ta gabas. Magada suka amince a jira har bayan kaka. Maigida ya ɗauki hotonta ta kowane gefe, na kwafe abin da ya rage a farantin ƙofa a bayan littafin rajistar ɗalibaina. Baba ya kwance fulogin shida, ya ɗura baƙin mai da ɗan kananzir a kowane rami, ya kira autan gidan ya ce duk Juma'a ya kama ƙasan fankar ya gwada girgiza ta a hankali, kada ya yi da ƙarfi. Aka samo tamfol aka lulluɓe ta, kaji suka tsaya gefe suna kallon gidansu.

A hanyar dawowa Baba bai yi magana sosai ba, sai da muka wuce Babaldu ya ce irinta ce motar da ya fara riƙe sitiyari a ciki, ubangidansa na barci a gefe. Ruwa ya kece kafin mu shiga Birnin Kudu.

Mako biyar bayan nan Goggo ta bugo mini waya da sassafe. Mutum ɗaya daga Kano ya ga hotunan ya ce zai zo ya duba, bai zo ba tukuna. 'Yan gwangwan sun sake dawowa sun ƙara kaɗan a kan tayinsu, an ce su dakata. Sannan ta miƙa wa autan wayar, yana haki, ya ce, "Yaya Malama, ki gaya wa Baba jiya ta motsa."